Agwagin Roba Masu Motsi a Farautar Agwagwar Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Mece ce agwagwar roba mai motsi, kuma su wa ke amfani da ita?

Maharban agwagwa a Amurka da Kanada ba bin tsuntsu suke yi ba, jiran sa suke yi. Mutum zai isa fadama ko gonar shinkafa tun kafin asuba, ya jera agwagin roba a kan ruwa, ya shige maɓoyarsa, ya bar masu wucewa a sama su ɗauka 'yan uwansu ne suka sami wurin kiwo. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A kogon Lovelock da ke jihar Nebada an tono agwagin da aka saƙa da ciyawar fadama a 1924, waɗanda shekarunsu suka kai wajen 2,000. Wanda ya san maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya lallaɓa cikin dabbobi ya riga ya san tushen abin: a nuna wa dabba abin da ta saba da shi har ta saki jiki.

Mai motsi ita ce wadda aka ƙara wa wani abu da zai sa ta juya fiffike, ko ta yi iyo, ko ta kaɗa ruwa. A da maharba kan ɗaure agwagi masu rai su yi musu wannan aiki, sai dokar Amurka ta haramta hakan a 1935. Mai juya fiffike da batir kuwa ba ta bazu ba sai ƙarshen shekarun 1990, daga gonakin shinkafar Kalifoniya, sannan kamfanoni irin su MOJO na jihar Luwiziyana suka cika kasuwa da ita.

In agwagin roba sun yi kama da na gaske, me ya sa sai an haɗa da motsi?

Domin agwagwar da ke sama ba kamanni take fara gani ba. Daga nesa abu biyu ne ke isa idonta: walƙiyar farin gashin da ke ƙarƙashin fiffike idan wata tana sauka ko tana karkaɗe jiki, da kuma rawar ruwa. Garken agwagi masu rai ba ya barin ruwa ya kwanta. Wata na dulmiya kai, wata na korar wata, ruwan ya gurɓace da laka, zobba suna bazuwa ta ko'ina. Idan ka jera agwagi talatin a ruwan da ya kwanta lumui, kowace da inuwarta a ƙarƙashinta ba ta ko girgiza, tsuntsun da aka taɓa harba zai gane daga kewayen farko.

Ranar da iska ta kai kimanin kilomita 15 a awa, ita kanta za ta yi maka aikin. Ranar da ganye ba ya motsi ita ce ranar da waɗannan kaya ke biyan kuɗinsu.

Iri nawa ne?

A aikace kashi biyu ne, ko da yake masu sayarwa za su lissafa maka goma. Akwai masu motsi a sama da ruwa, wato mai juya fiffike da ake kafawa a kan sanda, da batir ko da iska, da kuma tutar da masu farautar dinya ke kaɗawa da hannu. Akwai kuma masu motsa ruwan kansa: igiyar fizga, wato igiyar da maharbi ke ja da hannu don agwagin robar da aka maƙala mata su motsa, wadda ba ta da inji ko kaɗan, da mai karkarwa wadda ke da ɗan inji mai nauyi a gefe guda a cikinta, da mai iyo da farfela, da mai siffar gindin agwagwa a sama wadda ƙaramin famfo ke fesa ruwa a ƙarƙashinta lokaci lokaci.

Aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma nan ne yawancin sababbin shiga ke ɓata kuɗi. Na sama kira ne daga nesa. Na ruwa su ne ke sa tsuntsu ya yarda ya sauke ƙafa a mita talatin na ƙarshe.

Yaya mai juya fiffike take aiki, kuma a ina ake kafa ta?

A cikin jikinta akwai ƙaramin inji da sandar ƙarfe ta ratsa, kowane gefe da fiffike ɗaya, fuska ɗaya fara, ɗayar mai duhu. Idan suna juyawa da sauri, fari da baƙi na musanya, daga nesa sai ya zama kamar tsuntsu yana birki zai sauka. Ba siffar agwagwar ce ke aiki ba, walƙiyar ce. Shi ya sa na farkon farko, waɗanda ba su da ko jikin agwagwa sai faranti mai juyawa tsakanin sanduna biyu, suka yi ta jawo tsuntsaye ana harbewa.

Wajen kafawa, a fara da iska. Agwagwa kullum tana sauka ne tana fuskantar iska. Saboda haka ana jera agwagin roba a bar fili a tsakiya mai faɗin mita 8 zuwa 10, bakinsa a buɗe ta inda iska ta nufa, domin ta nan tsuntsaye za su shigo. Mai juya fiffike tana zama a ƙarshen filin ta inda iska ke fitowa, ƙirjinta na fuskantar iska, don masu zuwa sukan sauka a bayanta kaɗan, ba a gabanta ba. Nisanta da maɓoya ya zama mita 15 zuwa 20. In ka kai ta mita 35, waɗanda suka sauka a bayanta sun fita daga inda harsashin ƙarfe ke kashewa da kyau, sai ka yi ta raunata tsuntsaye suna tafiya da ciwo.

Tsayinta daga fuskar ruwa rabin mita zuwa mita ɗaya ya isa a ruwa buɗaɗɗe. A cikin ciyawa mai tsayi a ƙara sanda har fikafikan su fito sarari. Kada kuma ka sa ta a layi ɗaya da kai da hanyar shigowar tsuntsaye. Idonsu na kanta, duk abin da ke bayanta ma suna kallon sa, har da fuskarka. Ka kauda ta mita biyar ko fiye zuwa gefe.

Guda nawa ya kamata a sa?

A ƙaramin tafki ko kurmin da ruwa ya malale, ɗaya. A busasshiyar gonar da aka girbe, irin gonakin alkama da wake na Saskacewan da Dakota ta Arewa inda agwagwa mai koren kai, wato malad, ke sauka kiwo, ana sa uku zuwa shida a dunƙule, domin can babu ruwan da zai yi rawa, walƙiyar ce kaɗai motsin da ake da shi. Binciken masana namun daji a Minesota da Manitoba ya nuna cewa ana samun malad da yawa idan na'urar na kunne fiye da idan tana kashe.

Agwagi na zuwa, sai su kusa su karkata su tashi sama. Laifin na'urar ne?

Wataƙila, amma kada a fara da zarginta. Ka fita daga maɓoya, ka je inda tsuntsayen suka karkata, ka waiwayo. Sau da yawa abin da za ka gani shi ne fuskar wani tana ƙyalli, ko bakin bindiga, ko kwanson harsashi ja yana yawo a ruwa, ko rufin maɓoya da ciyawarsa ta zube, ko kare yana zirga-zirga. Gyara waɗannan tukuna.

In maɓoya ta yi kyau, to a lura da inda suke karkatar. Idan tun daga mita ɗari suke kauce wa wurin, yawanci ba nan suke son sauka ba tun asali, kuma babu na'urar da ke gyara mugun wuri. Idan kuwa sun zo sun yi kewaye biyu uku, sun kafe fikafikai, sai a mita hamsin ko sittin su zabura, to mai juya fiffiken ce. Daga kusa sun gane tsuntsun da ke ta fiffika a wuri ɗaya bai taɓa sauka ba. Gwaji mai sauƙi: cire ta gaba ɗaya, har da sandar, ka jira garke biyu masu zuwa. Kashe ta kawai bai isa ba a wannan gwajin, domin agwagwa a sandare a sama da fikafikai a miƙe ita ma abin tsoro ce. Idan dole a bar ta a kashe, a tabbata fuskar fiffiken mai duhu ce ke kallon sama; wasu samfura an yi su ne su tsaya a haka da kansu.

To yaushe take aiki sosai, yaushe kuma ya fi kyau a bar ta a jaka?

Ta fi ƙarfi a farkon lokacin farauta, sa'ad da garken ke cike da 'yan shekarar da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba, da kuma ranar da sabbin baƙi suka sauko daga arewa bayan sanyi ya koro su. Ƙananan agwagin nan masu saurin tashi da ake kira til suna faɗa mata ba tunani. Tana son rana mai haske, don walƙiya sai da hasken da zai bugi farin. Da sanyin asuba ma, kafin gari ya waye sosai, tana jawowa.

Ranar da gari ya lumshe da gajimare kuwa, walƙiyar ta ragu, sandar da jikin robar sun fito fili. Haka nan a ƙarshen lokaci, a Disamba da Janairu, a jihohin kudu irin su Arkansas da Luwiziyana: malad ɗin da ya iso can ya wuce dubban irin wannan na'ura tun daga Kanada, kuma kowace da harbi a bayanta. A wuraren farauta na gwamnati da kowa ke da tasa, wanda ba shi da ita ne ya fi kama da gaskiya.

Dinya kuma ba ta son ta ko kaɗan. Duk wanda ke farautar agwagwa da dinya a gona ɗaya yana buƙatar rimot, ya kashe da zarar ya ji kukan dinyoyi. Da rimot ɗin ne kuma ake yin abin da ya fi dacewa ga agwagwa: a kunna suna nesa, a kashe idan sun juyo sun nufo ka, a sake kunnawa idan sun ba da baya.

Yaya ake haɗa igiyar fizga?

Wannan ita ce mafi arha, kuma a ganinmu ita ce ta fi cancanta a fara da ita. Abin da ake buƙata: ƙarfen nauyi na kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, mai ƙugiyoyi in ƙasan ruwan yashi ne, ko turke mai tsayi in laka ce mai laushi, igiyar roba mai talewa, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, igiya siririya mai ƙarfi, baƙa ko ruwan ƙasa, wajen mita 30, maƙalai uku ko huɗu, da katako ko abin naɗi da za a riƙe.

A ɗaura robar a jikin nauyin, a ɗaura igiyar a ɗaya bakin robar. Daga mahaɗar a auna mita ɗaya a yi ƙullin hanci na farko, sannan sauran kowane bayan mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A kowane hanci a maƙala agwagwa ta ramin gaban ƙashin da ke ƙarƙashin cikinta, ba na baya ba, in ba haka ba za ta riƙa tafiya da baya idan an ja. A jefa nauyin a can ƙetaren wurin saukar, a ja igiyar zuwa maɓoya har robar ta ɗan miƙe. Idan ka ja, agwagin su taho. Idan ka saki, robar ta mayar da su.

Abubuwa uku ke ɓata ta. Na farko nauyin da bai kama ƙasa ba, kowace fizga yana matsowa, bayan rabin awa igiyar ta saki kuma agwagin sun taru a gabanka. Na biyu igiyar da ke fitowa saman ruwa tana feshi idan an ja, tana zana layi miƙaƙƙe daga agwagin har zuwa inda kake ɓoye. Maganinta a ratsa ta cikin zoben da aka ɗaura wa ɗan nauyi kusa da maɓoya, ko a taka ta da ƙafa a ƙarƙashin ruwa. Na uku agwagi masu nauyi da yawa a igiya ɗaya. Marasa nauyi uku sun fi manya shida rawa.

Akwai yadda ake fizgar, ko ja ne kawai?

Akwai. Tsuntsaye na nesa, a ja da ƙarfi, a tayar da ruwa sosai har zobban su isa sauran agwagin da ba sa kan igiya, su ma su yi rawa. Idan suna kewaye suka ba ka baya ko gefe, a ci gaba da gajerun fizga da wuyan hannu. Idan suna bisa kanka ko sun fuskanto ka, hannu ya tsaya cik, ruwan da ka riga ka tayar zai ci gaba da motsi na 'yan daƙiƙu. Motsin gwiwar hannu a wannan lokaci ya kori agwagi fiye da yadda igiyar ta taɓa jawowa. Ya fi kyau mutum ɗaya ya riƙe igiya da abin busa mai kwaikwayon kukan agwagwa, sauran su riƙe bindiga. A kurmin da ruwa ya kai gwiwa, maharban Arkansas sukan jingina da itace su riƙa kaɗa ruwan da ƙafa, wanda shi ma aiki ɗaya yake yi.

Masu karkarwa da masu famfo fa?

Amfaninsu shi ne ba sa cin hannu, don haka sun dace da wanda ke farauta shi kaɗai. Mai karkarwa zobbanta ƙanana ne, ba sa wuce mita ɗaya ko biyu, sai a sa biyu ko uku a tsakiyar inda agwagi suka fi cunkoso. Ko 'yar iska ta taso, aikinta ya ɓace. Mai famfo ta fi ƙarfi, amma tana son ruwa mai ɗan zurfi. A ruwa marar zurfi tana zuƙar laka da ganye ta toshe. Mai iyo da farfela kuwa abokiyar gabarta ciyawar ruwa ce da igiyoyin sauran agwagi, a ware mata fili.

Me ya sa batir ke mutuwa tun kafin hantsi?

Sanyi ne babban dalili. Manyan na'urori na amfani da batir mai caji na bolt 6, ƙanana kuma da batura huɗu ko shida irin na tocila siririya. Batir na yau da kullum ƙarfinsa na faɗuwa sosai idan ruwa ya fara daskarewa, na litiyam ya fi jurewa. Mai caji irin na darma kuma, in aka bar shi a mace na makonni, ba ya sake riƙe wuta kamar da, don haka a caja shi a daren da aka dawo. Wani ɓarawon wutar shi ne akwatin karɓar saƙon rimot: ko fikafikai ba sa juyawa yana shan wuta muddin makunnin jikin na kunne. Samfuran da ke juyawa su tsaya da kansu suna ɗan tanadin wuta, kuma walƙiyarsu ta fi kama da ta gaske. Batir na biyu ya zauna a aljihun ciki inda ɗumin jiki yake.

Tana ƙara, ko fiffike na faɗuwa. Me ya lalace?

Ƙara da girgiza yawanci daga sandar fiffike ce da ta lanƙwashe, sau da yawa saboda an cusa na'urar a buhu ba a cire fikafikan ba. A juya fiffiken da hannu a kalli bakinsa. In yana lilo, a canza shi, domin zai cinye injin. Masu kamawa da maganaɗisu sukan tara yashi da tsatsa a ramin, fiffiken bai zauna daidai ba sai iska ta fizge shi, kuma in ya faɗa ruwa yakan nutse. A goge ramin, a riƙe fiffike na ajiya. Masu noti kuma notin ke kwancewa da girgiza. Idan na'urar ta faɗa ruwa, a cire batir nan take, a buɗe ta ta bushe kafin a sake kunnawa. Wanda ke farauta a ruwan gishiri ya wanke mahaɗan waya da ruwan daɗi ya shafa musu man hana tsatsa, in ba haka ba koren tsatsa zai cinye su kafin shekara.

Doka ta yarda da su?

A Amurka ya danganta da jiha, kuma dokokin na canzawa, saboda haka a karanta littafin dokar farauta na shekarar da ake ciki. Jihohin Washinton da Oregon sun hana agwagin da batir ke motsawa. Kalifoniya ta hana masu juya fiffike da inji daga buɗe lokaci har 30 ga Nuwamba, sai daga 1 ga Disamba, amma ta bar waɗanda iska ke juyawa. Wasu wuraren gwamnati na da tasu ƙa'idar dabam da ta jihar. Wannan ma wani dalili ne na koyon igiyar fizga, tun da hannu ke jan ta.

Sauran dokokin tarayya suna nan ko da wace na'ura: ba a zuba hatsi don jawo tsuntsu, ba a kunna kukan agwagwa da aka naɗa, bindiga ba ta ɗaukar fiye da harsashi uku, an hana harsashin darma a farautar tsuntsayen ruwa a duk Amurka tun 1991, kuma duk wanda ya kai shekara 16 sai ya sayi kan sarki na tarayya na izinin farautar agwagwa, tsarin da aka fara a 1934. Harbi na farawa ne rabin awa kafin fitowar rana.

Za a iya yin irin wannan a fadamun Haɗeja da Nguru?

Alaƙar da ke akwai ta tsuntsayen ce. Agwagwa mai dogon wutsiya da ake jera wa roba a Kalifoniya, irinta ce ke zuwa fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi daga Turai da Asiya a lokacin hunturu, ta tarar da kirinjijiya da dinya 'yan gida. Sai dai wuri irin Dagona yana cikin gandun dajin ƙasa da aka hana farauta, riƙe bindiga kuma sai da lasisi. Mai ɗaukar hoton tsuntsaye dai ba abin da zai hana shi gwada igiyar fizga da robar cikin taya, bayan ya nemi izinin masu kula da wurin.

Akwai haɗari ga kare ko ga mutum?

Akwai, kuma igiyar ce. Karen da ya tafi ɗauko tsuntsu zai iya sarƙewa a igiyar fizga, musamman a ruwa mai zurfi da sanyi. A shimfiɗa ta ta gefen da ba nan kare ke fita ba, a sake ta ta nutse duk lokacin da aka aike shi, wuƙa kuma ta kasance a inda hannu zai kai. Kada a naɗa igiyar a wuyan hannu ko a ɗaura ta a jikin bindiga. Wanda zai shiga ruwa ya gyara na'ura ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji, a buɗe bindigogi a ajiye, domin garke kan zo ne daidai lokacin da mutum ke tsaye a tsakiyar wurin saukar. Sandar mai juya fiffike kuma a soka ta sosai a ƙasa mai tauri. In laka ce mai zurfi a ƙara mata tsawo ko a sayi irin mai iyo a kan ruwa, don kada a yi ta shiga ana tayar da ita.